Ɗaurin Bahago

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu, can kudancin tsibirin Savai'i, ya san muryar Lafaele kafin ya san fuskarsa. Gari na wayewa za ka ji shi a bakin ruwa, tsoho tukuf, zane ɗaure a ƙugu, yana bin masunta da faɗa. Wannan bai ɗaure tankin mai ba. Wancan igiyarsa ta ruɓe. Wane kuma ya fito tun ɗazu bai ko ɗaga kai ya dubi sama ba, sai ka ce ciwon wuya yake. A bayan idonsa Rediyo suke ce masa, kuma ya sani, bai dame shi ba.

Amma ka lura da abu ɗaya. Akwai shingen duwatsu da ya kewaye gaɓarmu, da wata 'yar tsaga a tsakiya inda jirage suke fita, ita muke kira ƙofar ruwa. Da zarar jirgi ya wuce ta, Lafaele yakan yi tsit. Ko ya hango an yi kuskure ba ya ɗaga hannu. Sai ya juya ya koma gida, ya zauna a kan kabarin siminti da ke ƙofar ɗakinsa, ya sa wa teku ido.

Da can ba mai surutu ba ne. Mutum ne da za ku yini tare a jirgi ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Wajen ubansu ya gado wannan, shi ma tautai ne, wato shugaban jirgin kamun kifi. A wurinmu kuwa, daga ƙofar ruwa zuwa can, babu mai magana a kan ta tautai. Mai sarautar da ake durƙusa wa a ƙauye, in ya shiga jirgi, tautai ya ce kwarfe ruwa, sai ya ɗauki gwangwani ya kwarfe. Fada na coci ma haka. Uban da ya haife ka ma haka.

Ranar da uban ya fara damƙa wa Lafaele jirgi, Lafaele ya kai su wani ruwa da ko ƙadangare ya san ba kifi a cikinsa. Tsohon ya gani tun daga nesa, ya ja bakinsa ya yi gum. Suka yini rana na dukansu, suka dawo hannu wayam. Ƙafarsu na taɓa yashi ya ɗauke shi da mari, har sai da karnuka suka yi haushi. Lafaele ya dafe kunci ya ce, "Baba, ai da ka faɗa mini tun a can." Tsohon ya ce, "A can ba ni da ɗa. Da na faɗa maka a gaban mutanenka, da har ka mutu ni za su riƙa kallo in hadari ya taso, ba kai ba."

Ƙanensa Pesamino, da muke kira Pesa, shi ne autansu, kuma Allah ya yi su daban kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Pesa bahago ne, ga dariya, ga tsokana, ga cin gwaza kamar an aiko shi. A gida shi ke hawa kwakwa, shi ke tona ramin da ake gasa abinci da duwatsu masu zafi ranar Lahadi, shi ke kawo wa yayansa abinci ya koma gefe ya zauna har sai an gama. Ya yi aure, ya yi gemu, amma in Lafaele ya ce "Auta!" daga wancan ƙarshen ƙauye, za ka ga ƙaton mutum ya yar da abin da ke hannunsa yana gudu.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi wa yayansa biyayya a kai ba, ɗaurin igiya. Da hagu yake ɗauri, sai ƙullin ya fito a juye. Lafaele ya tsani ganin ƙullin nan. "Wannan ɗaurin zai kwance, Auta. Wata rana zai kwance ya ba ka kunya."

"To, Yaya, ranar da ya kwance ka zo ka mare ni."

"Ai ba sai na zo ba, teku za ta riga ni."

Shekara da shekaru ana wannan, ƙullin bai kwance ba, Lafaele kuma bai daina faɗa ba.

Da kasuwar kifin tuna ta buɗe a birnin Apia, kowa ya watsar da kwale-kwalen itace ya koma alia: kwale-kwale biyu na alminiyam a haɗe da dandamali, da ɗan inji ɗaya a baya. Jirgin bakin gaɓa ne, amma muka riƙa kai shi inda ko tsaunin Savai'i ba a gani. Can ake shimfiɗa mamari, igiyar roba mai tsawon da ido ba ya iya kaiwa ƙarshenta, ƙugiyoyi na reto can ƙasa cikin zurfi, goran roba kuma suna riƙe da ita a sama, tsakanin gora da gora tazara mai yawa. Lafaele yakan zana wa goransa jan gicciye. Da Pesa ya sami nasa jirgin, Lafaele da kansa ya tsaya gaban mutane ya maimaita masa maganar ubansu: "Daga ƙofar ruwa zuwa can, ba ni da ƙane."

Ranar da abin ya faru, cikin damina ne, jiragen biyu sun fita tare, sun shimfiɗa mamarinsu ba nesa da juna ba. A jirgin Lafaele akwai kawunsu Sauni, babban mai sarauta a ƙauyen, da wani maƙwabci, Mikaele. Hantsi ya yi, teku ta kwanta luf, ba iska ko ta kaɗa gashin kai. Sai tsuntsaye suka fara wucewa ta kansu, garke bayan garke, ƙasa-ƙasa, ba mai kuka a cikinsu, duk sun doshi tudu. Ga kifi yana tsalle a gefe, ko ɗaya bai sauka ya ɗauka ba. Lafaele ya ɗaga kai ya dubi arewa, inda gida yake. Sama ta can ta yi wani launi da bai taɓa gani ba, ba baƙi ba, ba kore ba, kamar tsohon ƙurji. Ruwan da ke ƙarƙashinsu kuma ya fara numfashi, ya ɗaga su a hankali, ya sauke su a hankali, alhali har yanzu ba iska.

Mikaele ya ce, "Tautai, na kawo wuƙa? Mu yanke mu gudu?"

Lafaele ya sake duban arewa. Guguwar ta riga ta shiga tsakaninsu da gida. Ya ce, "Kawo tsohuwar tayar motar nan da igiyar anga."

Ya haɗa ƙarshen mamarin da igiyar anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ya sa tayar a tsakani don ta riƙa shanye fizga, ya ɗaure a goshin jirgi. Dabararsa ita ce mamarin, da nauyinsa da nauyin kifin da ya kama, ya riƙe goshin jirgin yana fuskantar raƙuman ruwa, kada su same shi ta gefe. Yana cikin ɗaurin sai ga ƙarar inji. Pesa ne, ya riga ya yanke nasa, shi da mutanensa uku.

Pesa ya rage wuta, ya ɗaga murya yana dariya. "Tautai! Me kake ɗaurewa haka, akuya ka samu a teku?"

"Zan kwanta a kan mamarina, Tautai."

"Igiyar kama kifi fa! Abin da ke tahowa can zai tsinke ta kamar zaren ɗinki. Ni dai na yi gida. In na isa zan ce wa matarka ta ajiye maka gwaza, in na rage."

Kada wani ya zauna a inuwa yau ya ce Pesa wauta ya yi. Ban yarda ba. Alia ba don irin wannan ruwa aka ƙera ta ba, kuma mafi yawan tautai abin da ya yi za su yi. Shi ma Lafaele ba tabbas gare shi ba. Jikinsa ne kawai ya gaya masa cewa ba wanda zai kai ƙofar ruwa a ranar.

Sauni ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. "Tautai, ba umarni nake ba ka ba, roƙo ne. Ka kira shi Auta sau ɗaya. Sau ɗaya tak."

Jiragen biyu suna hawa suna sauka kusa da juna. Mutanen Pesa uku sun zuba wa Lafaele ido, shi ma Pesa dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa, hannunsa na hagu a kan injin, kamar yana jira. Kalmar ta zo wa Lafaele har maƙogwaro. Ya dubi mutanen ukun nan, ya tuna marin ubansa, ya haɗiye ta.

Ya ce, "Allah ya kai ku lafiya, Tautai."

Pesa ya ɗaga masa hannu, ya ba injin wuta. Suka bi shi da kallo yana hawa tudun ruwa yana ɓacewa, yana sake bayyana ƙarami, har duhun arewa ya rufe shi.

Sannan ta iso. Ƙararta ce ta fara zuwa, wani gurnani da ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. Ruwan sama bai sauko daga sama ba, a kwance ya zo, yana yankar fata. Suka ɗaure kansu a dandamali, Sauni da sarautarsa da furfurarsa ya rungumi bokiti yana kwarfa. Taguwar ruwa ta farko da ta wanke jirgin ta tafi da tankin mai da akwatin ƙanƙara, ta cika injin da ruwan gishiri. Daga nan ba sauran zancen gudu ko da sun so.

Kai, jama'a! Lafaele ya yi shekara da shekaru yana shiga teku tun yana ɗan mitsitsi, yana tsammanin ya san ta. Ashe bakin zanenta kawai ya taɓa gani. Raƙuman ruwan sun fi hasumiyar cocinmu tsawo, kuma ba gudu suke ba, tafiya suke ta ƙasaita, ɗaya bayan ɗaya. In jirgin ya gangara cikin kwarin da ke tsakaninsu, sai iska ta ɗauke cak, a yi shiru har kana jin ɗigar ruwa daga gemun Sauni. Sai bangon ruwa ya miƙe a gabansu, igiya ta ɗame, tayar ta miƙe har ta koma kamar bakin jaka, goshin jirgin ya ɗaga, su hau, su hau, su hau, a can ƙoli iska ta buge su da ihun da ba a iya faɗa. Daga ƙolin kana ganin duniya duka ta zama fari fat, ba sama ba ƙasa.

A ɗaya daga cikin kwarurukan nan gajimare ya tsage, rana ta leƙo ta bayan taguwar da ke tahowa. Ruwan ya haskaka, kore shar, garau kamar kwalba. A cikinsa, can sama da kawunansu, ga garken tuna suna iyo a natse, jere da juna, ba abin da ya dame su. Mutum uku suna kwance a ƙasa suna kallon kifi a sama. Mikaele ya saki baki. Sauni ya ajiye bokiti, ya yi alamar gicciye, ya ce, "Ya Ubangiji, ashe mu ba komai ba ne." Lafaele ya ce tsoro ma ya bar shi a wannan lokacin. Abin da ya ji ya fi tsoro girma.

Igiyar ba ta tsinke ba. Yadda aka yi zaren kama kifi ya riƙe jirgi da mutum uku a cikin wannan, kada ka tambaye ni. Sun yini a haka, sun kwana a haka, kuma duk lokacin da suka hau ƙoli Lafaele arewa yake kallo.

Washegari da hantsi iska ta faɗi. Ba inji, ba mai, ba abin yi sai jan mamari, don ko ba komai za su sami abin ci. Suka kama hannun abin naɗe igiya suna juyawa, tafin hannu duk a yayyanke. Ƙugiya ta fito da kan kifin tuna, ba jiki. Ta biye ma kai. Kifin shak ya bi mamarin cikin guguwa ya cinye abin da ke riƙe da ransu, saura kawuna suna kallonsu da manyan idanu. Gora ya zo, suka ɗauke. Wani ya zo, suka ɗauke.

Sai Mikaele ya tsaya da juyi. "Tautai, wancan goran yana da hannu."

Mutum biyu ne, Kelemete da Atonio, mutanen jirgin Pesa, a ɗaure da gora ɗaya, fuska da fuska, leɓɓa sun farfashe. Da rai. Aka jawo su kan dandamali, Sauni yana kuka yana ɗura musu ruwan sama da ya taru a leda. Lafaele ya matso kusa da su. Ya durƙusa ya dubi ƙullin da aka ɗaure su da shi. A juye yake.

Da Kelemete ya sami murya ya faɗa musu. Ba su yi nisa ba taguwa ta same su ta gefe ta kife jirgin. Na huɗunsu ba a sake ganinsa ba. Su uku suka riƙe murfin akwatin ƙanƙara, iska na kora su baya, har suka yi karo da gora mai jan gicciye. "Rantsuwa nake maka, Tautai, dariya Pesa ya yi. Cikin wannan bala'in! Ya ce, 'Goran Yaya ne! Mai taurin kan nan bai yanke ba!' Ya ɗaure mu. Da ya kama shi ma, sai goran ya nutse da mu duka. Ya ce ba zai ɗauki uku ba. Na ce to mu yi karɓa-karɓa. Ya ce, 'Wane ne tautai a nan, ni ko kai?' Ya ce Yaya ba ya wasa da tazarar goransa, ya san inda na gaba yake. Ya saki, ya tafi."

Lafaele ya miƙe ya kama hannun abin naɗin shi kaɗai. Mikaele ya zo zai taya shi, ya ture shi. Kai ya fito, wani kan ya fito, ƙugiya wayam, wani kan. Gora na gaba ya taso, yana rawa a kan ruwa, ba kowa a jikinsa. Lafaele ya ɗauke shi. Ya ci gaba da juyi, jini na bin gwiwar hannunsa. Can sai suka hango na biye da shi, kuma shi ba ya rawa, ya ɗan nutse ta gefe ɗaya.

Pesa ya kai. Cikin ruwan da ya kife jirgi, mutumin nan ya yi iyo har ya wuce gora ɗaya ya sami na biyu, ya ɗaure ƙugunsa da wuyan hannunsa na dama a jikinsa. Fuskarsa a kwance take a kan jan gicciyen kamar mai barci. Ya daɗe da cikawa.

Suka ɗauko shi. Lafaele ya zauna ya ɗora kansa a cinya, ya fara kwance ƙullin. Ya sa yatsa, ya sa farce, ya sa haƙori. Ƙullin ko motsi. Sauni ya miƙo masa wuƙa, ya girgiza kai. Ya ci gaba da fama, har ya gaji ya kifa goshinsa a kan na ƙanensa, ya ce, "Auta. Auta, bai kwance ba." A nan ne ya fashe da kuka, irin kukan da babba ke yi ka rasa inda za ka sa idonka.

Jirgin ceto ne ya tsince su ya jawo su gida. Jirage da dama daga ƙauyukan gaɓar nan ba su dawo ba, kuma iyalansu ba su sami ko gawar da za su binne ba. Mu mun sami tamu. Da goran aka binne shi, a ƙofar ɗakin yayansa.

Tun fitarsu matan gidan suke zaune a tabarma suna zaman jiran masunta kamar yadda aka saba, ba hira, ba aiki, sai addu'a. Telesia, matar Pesa, tana cikinsu. Da aka shigo da shi ba ta yi ihu ba. Ta fara yi wa Lafaele gaisuwar da ake yi wa wanda ya dawo daga teku, "Sannu da aiki, Tautai," shi ma ya amsa yadda ake amsawa, "Sannunku da jira." Sannan ta ɗago ido.

"Yaya, ka ce masa ya tsaya?"

"Ban ce ba."

"Da ka ce, zai tsaya?"

Ɗakin cike yake da mutane. Sauni ya sunkuyar da kai. Akwai amsoshi masu sauƙi, kuma ba wanda zai zarge shi in ya ɗauki ɗaya. Lafaele ya ce, "Zai tsaya."

Ba ta sake tambayarsa ba, har ta tsufa ta rasu. Shi kuma ya ci gaba da fita teku shekaru masu yawa, sai da gwiwa ta ƙi. Na taɓa tambayarsa ko da za a mayar da shi ranar zai kira sunan. Ya daɗe yana shafa simintin, ya ce bai sani ba, kuma kullum da safe sai ya sake tambayar kansa.

Jikan Pesa ne yanzu yake da jirgi, shi ma bahago. Jiya da safe na ga tsohon ya bi shi har cikin ruwa zuwa gwiwa, yana riƙe da gefen jirgin, yana zazzaga masa faɗa a kan tankin mai, a kan tsuntsaye, a kan launin arewa, yana maimaita abin da ya faɗa shekaranjiya. Jikan ya ce, "Kaka, na ji, ka sake mu mana, rana na yi." Tsohon bai saki ba sai da ya ƙare duk abin da ke bakinsa. Igiyar anga tana nan gabansa da ƙullinta a juye, ya kai hannu ya taɓa ta, bai ce komai a kanta ba.